CIWON DASASHI GA MAI SHAN TABA: INA IYAKAR AMFANIN KAFSO?

Akwai wata cuta wadda ta ke cin mutum a hankali, ba zazzaɓi, ba kwanciya, ba ta hana shi zuwa ofis ko shiga aji, sai ran da ya ciji tsire ko ya gatsa goro ya ji haƙorinsa ya girgiɗa. Wannan cuta ita ce ciwon dasashi, watau naman nan da ya lulluɓe saiwar haƙora. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto cewa kusan mutum 19 cikin kowane 100 na manyan mutanen duniya suna fama da mai tsananinta, jimlarsu ta haura miliyan 1,000. Masu shan taba kuwa su ne a sahun gaba, domin sun fi saurin kamuwa, sun kuma fi wuyar warkewa.

Sabo da wuyar warkewar nan ne likitocin haƙori suka daɗe suna tambayar junansu: in an kankare wa mai shan taba haƙora, ko ya kamata a ƙara masa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda a ke kira antibayotik, mutanenmu kuma su ke ce wa kafso? Mun ga ya dace mu kawo wa masu karatu abin da bincike ya nuna. Malamin makaranta da akawu mutane ne waɗanda bakinsu shi ne jarinsu, su ne kuma a kan tsare a unguwa a ce, "Malam, wane magani zan saya?" Wanda a ke tambaya kuwa lalle ne ya san abin da zai faɗa.

Yadda Cutar Ta Ke Somawa

Duk sa'ad da mutum ya kwana bai goge baki ba, zai ji wata dauɗa mai santsi ta manne wa haƙoransa, musamman daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi. Galibin abin da ke cikin dauɗar nan ƙwayoyin cuta ne, sun taru sun gina wa kansu gida mai yauƙi. Tun a 1683 wani mutumin Holan mai suna Leeuwenhoek ya kankaro ta daga haƙoransa, ya duba da gilashin da ya ƙera mai girmama ƙananan abubuwa, ya ga 'yan halittu suna motsi a ciki.

A 1965 wani likita mai suna Harald Löe ya yi gwaji a ƙasar Danmak. Ya sami mutum 12 masu lafiyar baki, ya ce su daina goge haƙora ƙwata-ƙwata. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dukkansu dasashinsu ya kumbura ya yi ja. Da suka koma ga goge baki, cikin kamar mako guda kumburin ya saɓe. Daga nan aka tabbata cewa dauɗar ce mafarin ciwon, kuma a wannan mataki na farko buroshi ko aswaki ya isa magani.

To, in aka ƙyale ta, sai gishirin da ke cikin miyau ya daskarar da ita, ta zama kanta mai tauri kamar dutse, wadda buroshi ba ya iya cirewa. Sa'an nan dasashi ya soma rabuwa da haƙori, wani ɗan rami ya buɗe a tsakaninsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta irin waɗanda ba su son iska su kan gangara cikin ramin nan su yi zamansu, jiki ya tashi yaƙi da su, yaƙin kuwa ya riƙa cinye ƙashin muƙamuƙi wanda ya riƙe saiwar haƙori. Likita ya kan auna zurfin ramin da wani siririn tsinke na ƙarfe mai zane-zane. A baki mai lafiya zurfin ba ya wuce milimita 3. In ya kai 4 ko 5 ciwo ya kama, in ya kai 6 ko fiye ya yi nisa. Ƙashin da ya riga ya tafi kuwa da wuya ya dawo. Alamun ciwon su ne jini wajen goge baki, da warin baki wanda ba ya jin wanki, da janyewar dasashi har haƙora su yi kamar sun ƙara tsawo, da fitar mugunya, daga ƙarshe girgiɗi da zubewa.

Ɓarnar Da Taba Ta Ke Yi

Tun a 1947 wani likitan haƙori na Danmak, Pindborg, ya lura cewa cikin samarin sojan ruwa na ƙasarsu masu shan taba sun fi kamuwa da wani mugun ciwon dasashi mai gyambo. Bayan shekaru da yawa, a 2000, aka fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka wanda ya shafi mutum fiye da 12,000. An tarar mai shan sigari ya ninka wanda bai taɓa sha ba wajen sau 4 a haɗarin kamuwa da ciwon dasashi mai cin ƙashi. An kuma tarar gwargwadon yawan karan da mutum ya ke sha a rana, gwargwadon yawan haɗarinsa. Masu binciken sun ƙiyasta cewa fiye da rabin masu wannan ciwo a ƙasar, taba ce sanadi, ko dai wadda su ke sha ko wadda suka sha a da.

Ɓarnar tana zuwa ta hanyoyi uku. Na farko, hayaƙin taba yana raunana fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, har su kasa isa fagen fama da wuri, su kasa cinye abokan gaba yadda ya kamata. Na biyu, yana hana naman dasashi saurin haɗewa bayan rauni, don haka ko likita ya yi aiki mai kyau, warkewar ba ta kai ta wanda ba ya sha. Na uku, wanda ya fi sauran yaudara, shi ne taba tana rage jinin da dasashi ke fitarwa. Jini shi ne ƙararrawar da ke gaya wa mutum akwai ciwo. Mai shan taba sai ya ga dasashinsa ya yi fari-fari, ya yi tauri, ba ya jini, ya ɗauka lafiya lau ya ke, alhali kuwa gara tana cin ginin daga ƙasa.

Don haka ne a babban taron da masanan ciwon dasashi suka yi a birnin Shikago na Amurka a 2017, suka sa yawan shan taba cikin ma'aunin cutar. Wanda ya ke shan kara 10 ko fiye a rana a kan sa shi a ajin waɗanda ciwonsu ya fi saurin ci gaba. Batun nan kuwa ya shafe mu, domin ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2012 ta nuna cewa namiji 1 cikin kowane 10 na manyan maza yana amfani da taba, ko ta busawa, ko ta shaƙa, ko ta ƙunsawa a baki.

Tushen Magani

Asalin maganin ciwon nan aikin hannu ne. Likitan haƙori ya kan sa ƙarafa masu lanƙwasa, ko wata na'ura mai karkarwa da feshin ruwa, ya kankare kantar da ke bisa haƙori da wadda ta ɓuya cikin rami, har saiwar ta yi sumul. In ramin ya yi zurfi a kan yi allurar kashe zafi. Bayan wata 2 ko 3 a sāke aunawa a ga inda ya rufe da inda ya saura.

Wani zai ce, tun da ƙwayoyin cuta ne, me zai hana a sha kafso a huta? Dalili shi ne gidan nan mai yauƙi da suka gina. Ƙwayar cuta wadda ke yawo ita kaɗai cikin jini magani yana samunta da sauƙi, amma waɗanda suka dunƙule cikin yauƙi bisa dutsen kanta, magani ba ya ratsa su sosai. Ku dubi randar da ta yi gansakuka. Ko nawa aka zuba mata alif, in ba a sa hannu da soso an dirje cikinta ba, gobe ruwan zai sāke yin kore. Sabo da haka babu likitan kirki da zai ba da kafso a maimakon kankara. Gardamar masana a kan ƙari ne kawai: bayan an kankare, ko ƙarin magani yana da riba?

Yadda Aka Soma Ƙara Magani

Maganin da ya fi shahara a wannan fage shi ne metironidazol, wanda kowa ya fi sani da sunan Flagyl. A Faransa aka haɗa shi, don wata cuta dabam. A 1962 wani likita a Landan mai suna Shinn ya ba da labarin wata mata da ke shan sa sabo da wancan ciwo, sai ga gyambon dasashinta ya warke. Daga nan aka gane yana kashe ƙwayoyin cuta waɗanda ba su son iska. A 1972 aka fito da amoksisilin a Ingila, ɗan gidan penisilin ne. A 1989 wasu masana a Holan, ƙarƙashin jagorancin van Winkelhoff, suka gwada haɗa biyun ga masu ciwon dasashi mai taurin kai, suka ga amfani. Tun daga lokacin wannan haɗi ya zama shi ne aka fi gwadawa.

Tunanin ƙara wa mai shan taba magani yana da hujja a fili: tun da dakarun jikinsa sun yi rauni, a kawo musu gudummawa daga waje. Amma hujja a baki daban, abin da gwaji ya nuna daban. Yadda a ke gwajin shi ne a kankare wa kowa haƙora, sa'an nan a raba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a ba su magani na gaske, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome a cikinta, bayan watanni a auna ramukan a kwatanta.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

A 1999 aka ba da sakamakon wani gwaji a Landan inda aka ƙara metironidazol bayan kankara. Ba a ga wata ƙarin riba ta a zo a gani ba, kuma masu shan taba sun kasa waɗanda ba su sha wajen warkewa. A 2005 a Jami'ar Mishigan ta Amurka aka gwada wani magani, azitiromaisin, ga masu shan taba 31, aka ga ramukan waɗanda suka sha shi sun fi raguwa. A 2008 a Jami'ar Guarulhos ta ƙasar Birazil aka raba masu shan taba 43 kashi uku: kankara kaɗai, kankara da metironidazol, kankara da haɗin metironidazol da amoksisilin har kwana 14. Bayan wata 3 'yan kashi na uku suka fi samun sauƙi. Amma a 2014 masanan jami'ar nan suka kwatanta masu sha da marasa sha, aka ba kowa haɗin magani iri ɗaya, sai ga masu shan taba har wa yau suna baya. Watau magani ya rage ratar, bai share ta ba.

Da ya ke gwaje-gwajen ƙanana ne, ba su kuma daɗe ba, sai wasu masana suka tattara su don su ga inda rinjaye ya ke. Waɗanda suka yi haka a Kanada a 2010 sun ce shaidar ba ta isa a yanke hukunci cewa ƙarin magani yana amfanin mai shan taba ba. Wasu kuma a 2016 suka tarar maganin da likita ke cusawa cikin ramin kansa yana ba da ƙarin sauƙi ga masu shan taba, amma na haɗiya ba a ga bambanci tabbatacce ba.

Ko ga jama'a baki ɗaya, masu sha da marasa sha, ribar ba ta da yawa. Lissafin da aka tattara a 2020 ya nuna maganin haɗiya yana ƙara rage zurfin rami da kusan rabin milimita bisa abin da kankara ta yi. A Jamus an bi mutum fiye da 400 har sama da shekara 2, aka ba da sakamako a 2015: wuraren da ciwo ya ci gaba a bakin waɗanda suka sha magani kashi 5.3 ne cikin 100, a bakin waɗanda suka sha ƙwaya marar magani kuwa 7.8. Riba ce, ba mu musa ba, amma 'yar kaɗan ce, kuma da farashinta.

Farashin Da A Ke Biya

Farashi na farko a jikin mai sha ya ke. Metironidazol ya kan kawo ɗacin baki kamar an tsotsi ƙarfe, da tashin zuciya, ba a kuma haɗa shi da giya, yana kuma ƙara ƙarfin wani maganin tsinka jini da masu ciwon zuciya ke sha. Amoksisilin ya kan kawo gudawa, ga wanda jininsa bai haɗu da penisilin ba kuwa ya kan kawo ƙuraje da kumburi, wani lokaci har numfashi ya sarƙe.

Farashi na biyu jama'a duka ke biya. Duk sa'ad da aka sha kafso, ƙwayoyin cuta masu rauni su kan mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa, har a wayi gari maganin ya daina ci. Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a 1945. Wani babban lissafi da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya sabo da ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asara. Kowa ya san yadda a ke sayen kafso a ƙasashenmu, a kemis ko a faifan mai talla a tasha, guda biyu ko huɗu, ba takardar likita, a sha yau a bari gobe. Amoksisilin ɗin nan da magidanci zai haɗiya don warin baki, shi ne likita zai nema ran da ciwon huhu ya kama ɗansa. In an ɓata shi a banza, ranar bukata da me za a yi yaƙi?

Hukuncin Likitoci

A 2020 Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Dasashi ta Turai ta fitar da ƙa'idojin jiyya. Ta ce kada a mai da ba da maganin haɗiya al'ada ga kowane mai ciwon dasashi, sabo da lahaninsa ga mai sha da ga jama'a. Ta bar ƙofa ga wasu kaɗan, kamar saurayi ko budurwa wanda ciwo mai tsanani ya game masa baki tun da ƙuruciya. Shan taba shi kaɗai ba a lissafa shi dalilin ba da kafso ba. Abin da aka umurci likita ya yi wa mai shan taba shi ne ya taimake shi ya daina.

Kada a fahimce mu a karkace. Akwai lokacin da kafso ya ke zama tilas: in dasashi ya tara mugunya har fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko in mugun gyambon nan mai wari da zafi ya kama baki har ya kwantar da mutum. Wannan a gaggauta zuwa asibiti. Amma likita ne zai zaɓi maganin, ya faɗi yawansa da kwanakinsa, mai jiyya kuma ya sha yadda aka ce masa.

Maganin Da Ya Fi Kafso

Mu yi ɗan lissafi irin na aji uku. Mai shan kara 10 a rana yana shan kara 3,650 a shekara. Kafso kuwa na kwana 7 ne ko 14. Yaya maganin mako biyu zai rinjayi hayaƙin kwana 365? An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

A 2005 a birnin Niyukasil na Ingila aka bi masu shan taba da ke jiyyar dasashi har shekara guda, ana taimakonsu su daina. Waɗanda suka daina sarai ramukansu sun fi rufewa bisa na waɗanda suka ci gaba. Binciken Amurka na 2000 da muka ambata ya nuna haɗarin yana raguwa shekara bayan shekara, har waɗanda suka yi shekara 11 ko fiye da bari sun kusa zama daidai da wanda bai taɓa sha ba. Abu guda ya kamata mai niyyar bari ya sani: cikin makonnin farko zai iya ganin dasashinsa ya ƙara jini. Kada ya firgita ya ce barin taba ya jawo masa ciwo. Ciwon yana nan tun da, jini ne ya komo hanyarsa ya tona asirinsa.

Shawararmu

Ga mai shan taba, shawara ta farko ya bar ta, ya kuma nemi taimakon likita in abin ya gagare shi, domin akwai magunguna masu rage ƙwaɗayinta. Kada ya bar sigari ya koma shisha ko garin taba yana tsammani ya tsira. Ta biyu, ya je a auna masa dasashi ko da ba ya jin zafi, ko da ba ya ganin jini, tun da mun ga yadda taba ke ɓoye alama. Ta uku, ya goge baki sau 2 a rana, da buroshi da man goge baki, ko da aswaki mai laushin kai, yana bi daidai gaɓar haƙori da dasashi, ciki da waje, ya kuma tsabtace tsakanin haƙora. Ta huɗu, in yana da ciwon sukari ya kula da shi ƙwarai, domin shi da ciwon dasashi kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ta biyar, in an kankare masa, ya riƙa komawa bayan wata 3 zuwa 6 yadda likita ya tsara, gama cutar ta kan dawo in an yi sakaci.

Ku kuwa malaman makaranta, yaran da ke gabanku yau su ne za su ɗauki kara na farko gobe, ko su ƙi ɗauka. Dokar hana yaɗuwar taba ta Nijeriya ta 2015 ta haramta sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma doka ba ta shiga bayan aji, malami ne ke shiga. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ku akawuna, in abokin aiki ya zo yana rufe baki da hannu ya ce a faɗa masa kafson da zai saya, ku ce masa ya tafi wurin likitan haƙori a kankare masa, ya kuma jefar da kwalin da ke aljihunsa. In likita ya ga akwai bukatar ƙari, shi zai rubuta. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.